Magena sai susa take yi, gashi na zubewa: ganye zan nema ko allura?

Maman Sadiya: Salamu alaikum jama'a, ina kwananku, ya sanyi? Shawara nake nema. Ina da mage, shekararta biyu a hannuna, tun tana 'yar mitsitsiya Sadiya ta tsinto ta a lungun bayan gidanmu cikin Birni. Ita ta raba mu da ɓeraye a ɗakin hatsi. To yau sati uku ke nan ba ta da aiki sai susa, gashin wuyanta da na gindin wutsiya ya fara zubewa, in na buɗa gashin sai in ga wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro. Uwar mijina ta ce a daka tafarnuwa a riƙa cuɗa mata a abinci kwana bakwai, haka suke yi wa kaji. Maƙwabciyata kuma ta ce in ɗiga mata piya-piya, maganin ƙwarin nan, a ƙeya. Ban yi ko ɗaya ba tukuna, raina bai kwanta ba.

Hajiya Ta Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ki bi maganar tsohuwa, ɗiyata. Tafarnuwa ai ba a raina ta, ni kullum da safe sai na haɗiye ƙwaya biyu saboda hawan jini. Abin da bai cutar da mutum ba zai cutar da mage?

Isuhu Mai Allura: Maman Sadiya, don Allah ki dakata da duka biyun. Hajiya, Allah ya ƙara girma, ku yi mini haƙuri, nan kam zan saɓa muku. Tafarnuwa da albasa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin mage da na kare, ko ɗanye ko dafaffe, kuma mage ta fi kare rauni a kansu. Ba a ranar ake gani ba. Sai bayan 'yan kwanaki a ga ta yi laƙwas, dasashinta ya yi fari fat, fitsarinta ya yi duhu. Dabbar da ƙuma ta riga ta tsotse wa jini, ka ƙara mata wannan, ai ka taya ƙuma aiki ne. Piya-piya kuwa ba ma sai na yi dogon bayani ba, guba ce da ke shiga ta fata, ga mage kuma da lasar jikinta. Na sha ganin wadda aka kawo tana dalalar da miyau tana karkarwa, ba mu iya yi mata komai ba.

Baƙin ɗigon da kika gani, ki karkaɗe shi a kan farin ƙyalle mai danshi. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin magenki ne da suka sha.

Maman Sadiya: Wallahi yanzu na gwada da tsohon kallabina. Ya yi ja kamar an ɗiga lalle.

Baba Mai Doki: To ƙuma ce, an gama. Isuhu, a kan piya-piya ina bayanka ɗari bisa ɗari, wannan abu ya kashe dabbobi a garin nan fiye da yunwa. Amma kada ka ce yarinyar nan sai ta kwashi mage ta hau kabu-kabu ta je a yi mata allura saboda ƙuma. Shekarata arba'in da wani abu ina barga, mahaifina ma a gindin doki ya tsufa. Ga dogonyaro nan a ƙofar kowane gida a Damagaram. A tsinko ganyen, a tafasa, a bari ya huce, a wanke dabba. Da shi muke wanke dawaki in ƙuda da kaska sun dame su da damina. Tsutsar ciki kuma ɓawon maɗaci muke jiƙawa da 'yar kanwa. Kafin a kawo mana kwalaben nan naku, da me kuke tsammani aka riƙe dawakin da ake hawan Sallah da su?

Isuhu Mai Allura: Baba, ranku ya daɗe, ni ɗanku ne, kuma ban ce allura ba. A kan ganyen dogonyaro ba mu da saɓani. Akwai sinadari a cikinsa da ke hana ƙwaro ci, ya kuma hana ƙananansu girma, masana sun daɗe da tabbatar da shi, shi ya sa ma masu garka ke fesa ruwan 'ya'yansa a kan kayan lambu. Sai dai ba ya kashewa nan take, aikinsa a hankali ne, dole a maimaita.

Inda nake so mu yi hattara shi ne, dokinku ya kai kilo 300, magen nan da ƙyar ta wuce kilo 3. Kuma ba girman kaɗai ba ne. Hantar mage ba ta iya narkar da wasu abubuwa da hantar mutum ko ta doki ke narkarwa cikin sauƙi. Misalin da kowa zai gane: ƙwayar parasetamol guda ɗaya, irin ta 500 da muke ba juna in kai na ciwo, tana iya kashe mage. Sannan doki ba ya zama ya lashe jikinsa tun daga kunne har wutsiya, mage kuwa rabin wuninta ke nan. Duk abin da ka shafa mata, ka ɗauka ka ba ta a baki. Saboda haka ruwan ganye mai sauƙi, a jiƙa tsumma a goge ta, ban da ido da baki, a tsane ta a rana, wannan na yarda. Man dogonyaro wanda ake tatsa daga 'ya'yan, kada a shafa wa mage, ya yi mata ƙarfi. Maɗaci da kanwa kuma a bar wa doki da rago.

Baba Mai Doki: Ai ni ma ban ce a ɗura wa mage kanwa ba. Wa ya taɓa ganin mage a bakin kwamin kanwa?

Ɗan Tattabara: Baba akwai masu yi wallahi, wani abokina har shayi yake ba tasa.

Maman Sadiya: To sau nawa zan goge ta? Kun san halin ruwa a unguwarmu, pampo sai ya ga dama, bido-bido muke saye wajen 'yan garuwa.

Isuhu Mai Allura: Lita ɗaya ta isa, ganye cikin tafin hannu biyu. Duk bayan kwana uku, har sati uku. Ki samu matsefi mai ƙananan haƙora ki riƙa taje ta, kina tsoma shi a ruwan sabulu, ƙumar da ta fito ta nutse a ciki. Amma babban aikin ba a jikinta yake ba. Ƙumar da kike gani a jikin mage kaɗan ce cikin abin da ke gidan. Macen ƙuma na iya zuba ƙwai har 50 a rana, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi a inda take kwana, cikin tabarma, tsumma, tsagar daɓe. A nan suke ƙyanƙyashewa su dawo mata. Ki fitar da duk abin da take kwanciya a kai ki shanya a tsakar rana, ki share ɗakin hatsin nan lungu-lungu, ki ƙone sharar. In kin yi wanka kin bar shimfiɗa, aikin baban giwa kika yi.

Abu ɗaya kuma, in kin je farmasi aka miƙo miki maganin ƙuma na kare, ki duba takardar. In akwai sinadarin da ake kira permethrin a ciki, kada ya taɓa mage, shi ma kisa yake yi.

Hajiya Ta Sabon Gari: Oh ni, yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Mage ta zama 'yar sarki, wannan ba ta ci, wancan ba ta sha. Mu da muka taso, ɗan tuwo da miya ake jefa mata, miyar kuma da albasarta, ba mu ga ta mutu ba.

Isuhu Mai Allura: Hajiya, ɗan abin da ya shiga miya daban, a daka a ɗura mata kullum har kwana bakwai daban. Kuma magen da ta ɓace a da, wa ya bi sawunta ya ga abin da ya kashe ta? Cewa ake yi ta bi muzuru.

Ɗan Majema: Tunda an taɓo itatuwa, bari in sa baki da abin da na gada. Mu gidan jima ne, da bagaruwa muke jeme fata tun kakanni, kuma duk wanda ya san fatar Damagaram ya san aikin bagaruwa ne. Karen gadin gidanmu ya yi faɗa da wani, aka tsaga masa kunne. Na daka bagaruwa na jiƙa na tace, ina wanke masa safe da yamma, cikin sati ɗaya wurin ya kame, ƙuda bai samu wajen zama ba. Ban kai shi ko'ina ba.

Isuhu Mai Allura: Wannan gaskiya ne, kuma dalilin a sana'arku yake. Abin da ke sa bagaruwa ta kama fata a cikin kwatarnin jima, shi ne ke sa ta tsuke bakin rauni ta tsayar da ruwan da yake yi. Ga rauni na sama-sama tana da kyau. Zuma ma haka, har a manyan asibitocin dabbobi ana sa ta a kan rauni, muddin ba wadda aka haɗa da sukari ba ce. Inda bagaruwa ke cin amana shi ne rauni mai zurfi, irin hujin haƙori. Sama ta rufe, ƙasa tana ruɓewa, sai bayan kwana biyar ka ga wurin ya kumbura da mugunya. Irin wannan so ake ya zauna a buɗe ana wanke shi da ruwan gishiri.

Baba Mai Doki: Ka ga nan ka yi magana irin ta manya. Haka mahaifina yake cewa, ciwon da ke da rami ba a yi masa murfi.

Sani Kabu-kabu: Ni dai abin da ban gane ba, Musulmi da ajiye kare a gida har da yi masa jinya. Ga mutane na fama da kuɗin magani.

Malam Na Tsangaya: Malam Sani, a yi a hankali. Kare na gadi, na kiwo da na farauta, shari'a ta yarda da su. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Kuma hadisi ya inganta a kan matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, da kuma mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta na wuyansa. Ku ci gaba da maganarku, muna ƙaruwa.

Abdu Na Mirya: Jama'a ku gafarce ni, na ga maganar kare ce ta sa na kasa yin shiru. Ina da kare a garka, shekara huɗu yana mini gadi, ko yaro ya ja wutsiyarsa ba ya kulawa. Kwana uku ke nan ya canza, ba ya cin abinci, yana cizon icce da igiya, muryarsa ma ta dushe. Jiya da yamma ya cafki ɗan ƙanena a ƙauri, yaro ɗan shekara takwas. Ciwon ba babba ba ne. Mun ɗiga masa nonon tumfafiya muka ɗaure, wani kuma ya ce a samo gashin karen a ƙona a shafa tokar. Shi karen wane sassaƙe zan jiƙa masa?

Isuhu Mai Allura: Abdu, ajiye wayar nan ka nemo yaron yanzu. Kwance ɗaurin, ka wanke ciwon da ruwa da sabulu, kana zuba ruwa kana wankewa minti 15 cur, ka duba agogo. Daga nan ku wuce lokotoro yau ɗin nan, ba gobe ba, ka gaya musu kare ne ya cije shi kuma karen ya canza hali. Alamun da ka lissafa na haukan kare ne. Allurar rigakafi tana tare cutar in an fara da wuri, amma in aka bari alamu suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Ƙanƙantar ciwon ba ta nufin komai, a miyau cutar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa a ciki.

Karen kuma kada kowa ya matsa kusa da bakinsa da sunan ɗura magani. A kulle shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, a tura masa ruwa da abinci daga nesa, ka sanar da ma'aikatan kiwo na wajenku. Ana lura da shi kwana 10. Amma allurar yaro ba ta jiran kwana goman nan. Duk wanda miyan karen ya taɓa masa wani ƙurji ko tsaga a hannu, shi ma ya je.

Baba Mai Doki: Abdu, ka ji abin da ya ce, ka tashi. Ni mai sassaƙe ne, amma wannan ba ta sassaƙe ba ce. Ina saurayi aka yi haka a unguwarmu a Zango, wani yaro makiyayi, cizon bai fi tsagar kaciya ba. Babu irin jiƙon da ba a ba shi ba, har daga ƙauye aka ɗauko mai magani. Ciwon ya warke sumul, kowa ya manta. Bayan wata biyu ya fara firgita in ya ga ruwa a ƙwarya. Ba na son in ƙarasa. Kuma wa ya ce ku sa nonon tumfafiya a ciwo? Abin da in ya faɗa ido yake iya makantar da mutum?

Abdu Na Mirya: Na ji Baba. Mun kama hanya.

Hajiya Ta Sabon Gari: Allah ya tsare, Allah ya ba shi lafiya. Amma ni fa har yanzu da sauran magana a bakina. Kullum in an zo ƙarshe sai a ce maganin Nasara. Namu na wasa ne ke nan, sai ƙuma da tsagar kunne?

Mushe Habu: Hajiya, ina ganin rabon da kuka yi ne bai daidaita ba, don shi kansa na lokotoron da yawansa daga daji ya fito. Kinin ɓawon itace ne daga Kudancin Amurka. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yanzu, asalinsa wani ganye ne ɗan'uwan tazargade, wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta ciro sinadarinsa bayan ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A shekarar kuma aka haɗa ta da mutum biyu da suka samo ivermectin, maganin tsutsar nan, wanda Isuhu ke yi wa tumakinmu allurarsa, shi kuma daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa aka same shi a Japan. Rigakafin haukan kare kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro a Faransa, ya rayu.

Baba Mai Doki: To ashe 'yar Sin ɗin ma 'yar sassaƙe ce irina, ita dai ta samu mai buga mata tambari.

Isuhu Mai Allura: Baba kun ba ni dariya, amma akwai abin da ta ƙara, awo. Ɓawon maɗacin da kuka sassaƙo daga tsohuwar bishiya da rani, da wanda wani ya saya a Kasuwar Dole ya shekara a buhu, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ku kun san naku da ido da harshe saboda shekara arba'in. Wanda ya karanta maganarku a nan ya je ya jiƙa wa ragon layyarsa, bai san ko ya yi kaɗan ko ya zarce ba. Ni kaina ina ba masu awaki shawarar 'ya'yan gawo da ganyen zogale in dabba ta rame, ina kuma ganin amfaninsu. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne baƙin man mota da ake shafa wa kare mai ƙazuwa, da ruwan taba da ake wanke shi da shi. Taba ganye ce, amma gubarta ta fata take shiga. Haka zurma, cini-da-zugu da zaƙami, duk tsiro ne, duk suna kisa.

Baba Mai Doki: Baƙin mai ba gargajiya ba ne, kada a jingina mana. Kakana bai san mota ba.

Ɗan Tattabara: Tunda likita na kusa, tattabaruna fa? Duk sanyi sai na yi asara. Bana ma guda tara sun tafi, wuya ke murɗewa, kashi kore, sai tsuntsu ya riƙa juyi wuri ɗaya. Ina sa musu barkono a ruwa kamar yadda ake yi, suna sha kamar ba komai.

Isuhu Mai Allura: Suna sha kamar ba komai ne don tsuntsu ba ya jin yajin barkono yadda mu muke ji. Murɗewar wuyan nan kuwa dangin cutar da ke share kaji ce lokacin hunturu, ƙwayar bairos ce, babu ganyen da ke kashe ta, babu ƙwayar farmasi ma. Rigakafi ne kawai kafin ta zo. Faɗa mini gaskiya, ka sayo sababbi kwanan nan?

Ɗan Tattabara: Biyu na sayo ranar Alhamis ɗin da ta wuce waccan, masu kyan gaske, na zuba su cikin sauran.

Isuhu Mai Allura: To ga ta nan. Sabon tsuntsu keji daban, kwanon ruwa daban, sati biyu zuwa uku kafin ya shiga cikin 'yan'uwa. Yanzu ka ware masu ciwon, ka riƙa ba su ruwa da hatsi da hannu tunda ba sa iya saitin tsaba, wasu kan farfaɗo. Waɗanda suka mutu ka binne, kada ka jefa a bola.

Abdu Na Mirya: Salamu alaikum. Na dawo in ba da labari, yau kwana tara. An yi wa yaro allura ranar da muka je, aka sake a kwana na 3 da na 7, yana nan garau yana zuwa lakwal. Karen ya mutu a kwana na huɗu a cikin ɗakin da muka kulle shi, ƙafafun baya suka fara shanyewa. Ni ma an yi mini, don ina da tsaga a yatsa kuma na taɓa igiyarsa. Kuɗi sun tafi, sai da na sayar da tunkiya. Isuhu, Baba, ban san da bakin da zan gode muku ba. Akwai kwikwiyo da maƙwabcina zai ba ni, yaushe ake yi masa rigakafin?

Isuhu Mai Allura: Alhamdu lillahi. Yana cika wata uku, sannan a riƙa sabuntawa yadda aka rubuta maka a katinsa. In karen da ya mutu ya ciji wasu karnuka a garkunan kusa, a gaya wa masu su.

Maman Sadiya: Barka Abdu, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma ga nawa. Na goge ta sau uku, na farko sai da ta yage mini hannu ta haye katanga, ta yini ba ta kula ni ba. Na wanke wurin da sabulu kamar yadda aka ce wa Abdu, tsoro ya kama ni. Tsohuwar tabarmar na ƙone ta gaba ɗaya. Susa ta ragu sosai, gashin wuyan ya fara tsirowa, amma in na taje ina samun ɗaya-biyu har yanzu. Uwar mijina ta ce da tafarnuwar aka ba ta da tuni an wuce wurin, na ce to Inna. Kuma ashe ciki gare ta, shi ya sa na ga ta yi nauyi.

Isuhu Mai Allura: In ciki gare ta, dakatar da ruwan ganyen, ki tsaya a taza da shara da shanya. Ki kawo ta in duba ta, yagar da ta yi miki ma ina so in gani, kuma ita kanta ba a taɓa yi mata rigakafin haukan ba, sai mu sa rana bayan ta yaye. Ki sako ta a kwando mai murfi, ba a zane ba.

Baba Mai Doki: Ɗiyata, in ta haihu ki ajiye mini guda, namiji in da hali. Ɓeraye sun gama mini buhun dusa a barga.